Kaskon ruwan tsuntsaye da tsakin gero na kasuwar Abatuwar: ku sayi kaskon, ku bar robar

Masu tambayata inda nake samun kayan da nake ciyar da tsuntsaye a tsakar gida, wata rumfa ce a layin masu hatsi na kasuwar Abatuwar nan Marwa a arewacin Kamaru, wani dattijo ne ke zama a ciki, ba ta da allo ba ta da suna, alamarta kawai kasake na yumɓu da ya jera a bakin ƙofa. Abu uku na saya wajensa, kaskon ruwa, tsakin gero, sai wata roba ta ratayewa irin wadda ake kawowa daga waje. Biyu sun yi, ɗaya ba ta yi ba.

Kaskon nan wallahi ko shi kaɗai mutum ya saya kuɗinsa sun biya. Sefa 500 Baba ya sayar min, mai faɗi ne ba zurfi, ruwan da ke ciki bai wuce gaɓar yatsa ba, kuma haka ake so don ƙananan tsuntsaye irin baiwar Allah ba sa yarda da ruwa mai zurfi, so suke su tsaya ƙafarsu na taɓa ƙasa su yi wanka. Cikinsa da kaushi, ba santsi irin na kwanon silba. Kuma da yake yumɓu ne yana tsatsafo kamar randa, har azahar ruwan na nan da sanyinsa. Mutane na ganin hotunan Turawa suna rataya wa tsuntsaye kitse da gyaɗa lokacin ƙanƙara sai su ɗauka mu ma haka ne, alhali hunturunmu daban yake, sanyin asuba ne da hazo da ƙura, rana na ɗagawa zafi ya dawo, rafukanmu Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga duk sun ƙafe sai yashi tun bayan damina, toh tsuntsun cikin gari ƙishirwa ta fi yunwa damunsa. Ranar da na zuba ruwa ban watsa tsaki ba suna zuwa, ranar da tsaki ne kawai ba ruwa kaɗan ne ke sauka.

Ƙarƙashin darbejiya na ajiye shi, a ɗan fili inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa. Bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye kurciyoyi ne ke fara sauka, sai gwara da surutunsu, sannan baiwar Allah, namijin ja matar ruwan ƙasa, su kam ba su da tsoro har kusa da turmi suke zuwa. Hasbiya takan leƙo daga kan rufi. Alhudahuda ma ya taɓa sauka ya yi ta caccakar ƙasar da ta jiƙe a gefen kaskon, shi ƙwari yake nema ba ruwansa da gero. Yarana yanzu kafin su tafi lakwal sai sun tsaya sun kalla, ni abin yana min daɗi ƙwarai. Amma kar wani ya sa rai zai ga baƙin tsuntsayen nan da ke ƙetaro Sahara daga Turai a tsakar gidansa, yawancinsu na bakin ruwa ne ko masu cin ƙwari, wanda ke son ganinsu sai ya nufi tafkin Maga ko gandun dajin Waza.

Tsakin geron shi ma ba laifi, a bushe yake, ba warin ruɓa ba ƙwari, kuma an ɓarza shi daidai bakin ƙananan tsuntsaye. Inda na ga gazawa shi ne wani awon yakan zo da ɗan yashi da dusa da yawa, sai na sake sheƙewa a gida. Na faɗa masa, na ce Baba wannan karon fa akwai ƙasa, bai yi musu ba ya ƙara min hannu guda. Ya so ya haɗa min da ɓarzajjiyar gyaɗa mai araha na ƙi, don gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce ga tsuntsu da mutum baki ɗaya.

Robar ratayewar ce ta ban haushi. Sefa 2,500, ta fi kaskon tsada nesa ba kusa ba, ga ta mara nauyi iskar hunturu na ta kaɗa ta tsaki na zubewa, ƙura ta toshe ramukan, kafin sanyi ya wuce rana ta cinye ta ta tsage. Kuma kurciya da baiwar Allah a ƙasa suke kiwo, ba su saba cin abinci a rataye ba, wanda ya zube ƙasa shi kaɗai suke tsinta. Tsohon faifai ya fi ta aiki.

Dan Allah wanda zai fara, ya riƙa wanke kaskon kullum yana sauya ruwa, saboda sauro da kuma ciwon maƙogwaro da kurciyoyi ke ɗauka a wurin shan ruwa mai datti. Mai kaji ko agwagi ya nisanta kaskon daga akurki, kar mu manta a nan Marwa aka fara samun murar tsuntsaye a Kamaru a 2006, kuma a jikin agwagi ne. Tsakin ma tafin hannu ɗaya da safe ya isa, in ya kwana ɓeraye za ka tara. Wanda gidansa ke bakin karal kuwa, wato gonakin laka da ake noman dawar rani ta muskuwari, ya tsaya a ruwa kawai har a girbe ta, kar ya jawo wa maƙwabta jan baki, tsuntsayen nan masu cinye hatsi a gona.

Baba yana buɗewa tun da hantsi, kasaken kuma ba kullum ake samu ba don wata mai ginin tukwane ce ke kawo masa daga ƙauye. In kun je ku ƙwanƙwasa kaskon da yatsa kafin ku biya, mai tsaga muryarsa a dushe take.