crosstool-NG: yana aiki, amma a gyara abu biyu kafin a fara

Masu rubuta manhaja a Aboabo da Asawase, unguwannin Kumasi, da ke son haɗa shiri a laftof don ya yi aiki a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi suna buƙatar kwamfaila (manhajar da ke juya lamba ta zama shiri) ta ARM, irin firosesan da ke cikinta. Haɗa ta da hannu wahala ce, saboda tsarin jeri. Binutils ake fara ginawa, domin a cikinsa asembula as da linka ld suke. Sai GCC (kwamfailar kanta) na wucin gadi, da shi ake gina glibc, laburaren C, sannan a dawo a gina cikakken GCC. Wannan jerin crosstool-NG, manhajar gina irin wannan kwamfaila, yake riƙe maka, har da sauke laburaren lissafi GMP, MPFR da MPC.

Umarni uku sun isa: ct-ng aarch64-unknown-linux-gnu, ct-ng menuconfig, ct-ng build. Sakamakon yana sauka a ~/x-tools. A Ubuntu a fara sa gperf, bison, flex, texinfo, help2man, gawk da libtool-bin.

Inda muke da ƙorafi shi ne saitin da yake zuwa da shi bai dace da mai zama da dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba. Ginin yakan ci sa'o'i a tsohuwar laftof, kuma idan wuta ta tafi batir ya ƙare, daga farko za a sake. Maganin yana ɓoye a menuconfig: kunna CT_DEBUG_CT_SAVE_STEPS. Daga nan ct-ng list-steps zai nuna matakan, a ci gaba da RESTART= daga wanda ya tsaya. Yana cin faifai, amma ya cancanta. Na biyu, ƙirƙiri ~/src da hannunka. In babu shi, fayilolin da aka sauke ba sa ajiyuwa a can, sai data ta sake tafiya. In an samu intanet mai kyau, ct-ng source zai sauke komai tun da wuri.

Idan ka ga an kashe cc1plus, ɓangaren GCC mai haɗa C++, ana tsakar aiki, RAM ce ta ƙare, ba kuskuren lamba ba. Mai 4GB ya tsaya a ct-ng build.2 (ayyuka biyu kawai a lokaci ɗaya) ya ƙara swap, wurin faifai da ke taimaka wa RAM. crosstool-NG ba ya yarda a gudanar da shi a matsayin root (babban mai izini), kuma yana tsayawa in an saita LD_LIBRARY_PATH; duka biyun daidai ne.

Kuskure mafi ciwo sai an gama yake bayyana: ka zaɓi glibc da ya fi na Raspberry Pi ɗin sabunta, shirin ya ƙi tashi yana neman GLIBC_2.34. Duba ldd --version a kan Raspberry Pi ɗin tukuna, ka zaɓi sigar da ba ta wuce ta ba.