Bridge Base Online: inda nake buga biriji da dare

Shekara biyu ke nan ina buga biriji, wasan kati na mutum huɗu da ake yi biyu-biyu, a Bridge Base Online, dandalin intanet da Fred Gitelman ya kafa a 2001, kuma kyauta ake shiga.

Daren jiya na buɗe tayi da 1♥ (a tayi ne ake alƙawarin yawan zagayen da za a ci), maki 13 na manyan katuna a hannuna. Na haguna ya tsoma baki da 1♠, abokina ya ɗaga zuwa 3♥, na rufe ido na ce 4♥. A 4♥ cin zagaye goma ake bukata, tara kawai nake gani. Tunda na hagu ya yi tayi, alamar yana da manyan katuna, na ɗauka sarkin ♣ yana wurinsa. Na jefo ƙaramar ♣, na sa sarauniyar ♣ daga katunan abokina da ke shimfiɗe a tebur, ta wuce!

Abin da ya fi burge ni, bayan wasa ina iya duba yadda sauran tebura suka buga hannun, kati bayan kati. Rabinsu a 3♥ suka tsaya.