Faktorin ko fomula? Ga abin da na gani

Ƙanena, in kana tambayar hanyar da za ka bi wajen warware lissafin kwadiratik, mai siffar ax² + bx + c = 0, kama faktorin, wato mayar da lissafin baka biyu da aka ninka da juna. Ita fomular x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a ka haddace ta ka ajiye, don akwai tambayar da ba ta fita sai da ita, amma tana cin lokaci, kuma alamar ɗebewa guda ɗaya in ta kuɓuce maka, aikin duka ya rushe.

Har yau ina da wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya cire, wanda malaminmu na lissafi ya sa muka cika da faktorin, tambaya goma kullum kafin a tashi. A lokacin haushinsa nake ji. Ranar jarrabawa kuwa, ina ganin tambaya sai lambobin su faɗo mini da kansu, Allah ya saka masa da alheri.

Ɗauki x² − 5x + 6 = 0. Nemo lambobi biyu da in ka ninka su za ka sami 6, in ka haɗa su ka sami −5. Su ne −2 da −3. Sai ka rubuta (x − 2)(x − 3) = 0, ke nan x ya zama 2 ko 3. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

In akwai lamba a gaban x², kamar 2x² + 7x + 3 = 0, ninka 2 da 3 ka sami 6. Lambobin da in ka ninka su za ka sami 6, in ka haɗa su ka sami 7, su ne 6 da 1, sai ka raba 7x gida biyu, 6x da x. Ka fitar da abin da suka yi tarayya a kai, ya ba ka (2x + 1)(x + 3) = 0. Amsa: −½ ko −3.

Kafin ka ɓata lokaci wajen nema, lissafa b² − 4ac. In ya ba ka irin su 1, 4, 9, 16, 25, faktorin zai yi. A x² + 4x + 1 = 0 kuwa 12 yake bayarwa, ko kwana za ka yi ba za ka sami lambobin ba. Nan ne fomula take da rana.

Kuma kada ka fara komai sai gefe ɗaya ya koma sifili. In aka ba ka x² = 5x, kada ka raba da x, za ka zubar da amsar x = 0. Na taɓa asarar maki a nan.

Sannan ka yi hattara da masu tallan 'yan littattafan "gajeriyar hanya". Na sayi ɗaya, da na mayar da amsoshinsa cikin tambayoyin sai na tarar an juya alamomi a wurare da dama, ko sunan marubuci babu. Masu cewa a turo kuɗi su ba da tambayoyin jarrabawar bana kuwa, ana turawa suke kashe waya.