Tulun tangaran da na sayo a Guangzhou, ashe wuyansa ɗori ne

Wata biyu ke nan da dawowata daga Sin, har yau in na dubi tulun nan sai raina ya sosu. A wani ɗan shagon tsofaffin kaya na saye shi, kuɗin kuwa kun san yadda suke tsuga wa baƙo. Zanen ne ya ja ni: furanni ruwan hoda, tsuntsaye biyu bisa reshe, in ka shafa da yatsa ka ji fentin ya ɗan taso a kan farin tangaran. A gindinsa akwai hatimi mai haruffa shida na zamanin Sarkin Sin Qianlong, 1736 zuwa 1795. Mai shagon ya yi ta nuna min hatimin, yana cewa ko tsagewa tulun bai taɓa yi ba.

Ranar da uwargida ta sa tsumma da ruwan zafi za ta goge masa ƙurar hunturu, sai na ji ta ƙwala min kira: "Alhaji, zo ka gani!" Ga ruwan hoda a jikin tsumman, ga layin gam ya zagaye wuyan tulun kaf. Gabana ya faɗi. Fentin ainihi, bayan an zana shi bisa tangaran da aka riga aka gasa, sake mayar da shi wuta ake yi har ya narke ya zama kamar gilashi, ruwa ba ya cin sa. Wanda ya fita, na mai gyara ne da aka shafa don ɓoye karaya. Na ƙwanƙwasa wuyan da farce, sautin a mace.

Wani masani da na tura wa hotuna ya ce hatimin ma kada in dogara da shi, masu aikin Jingdezhen, garin da ya shahara da tangaran a Sin, sun daɗe suna sa sunan Qianlong a kayan da suka yi bayansa. A ganinsa tulun na wajen 1920 ne. Wannan bai dame ni sosai ba, gaskiya, don gangar jikin tulun aikin hannu ne mai kyau. Ruwan hodan nan, da ake samu daga zinariya, da hantsi in rana ta taɓa shi sai ka tsaya kallo. Har na fara cewa kuɗina bai tafi a banza ba.

Amma sau uku na tambayi mai shagon nan ko an taɓa gyara shi, sau uku ya ce a'a! Na tura masa hoton wuyan, ya buɗe, bai amsa ba. Yanzu tulun yana cikin kabad, na juya tabon ya fuskanci bango.