Wasiƙa daga Teksas: Yaya, a dakata da sayar da bijiman nan

Yaya, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, da Inna da iyali gaba ɗaya, kuma ina fatan sanyin bana bai takura wa tsohuwa ba. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce ka ga hotona zaune cikin 'yar motar dajin nan da buhuna a baya, ka nuna wa mutanen majalisa, kowa ya ce ai wagga ita ta dace da gonarmu ta Wurno. Har kana tunanin a sayar da bijiman noma biyu, a haɗa da abin da zan iya turowa, a yo odarta. Amsar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma na sa ta a fili don na san ba kai kaɗai ke da wannan sha'awa ba.

Bari in fara da inda motar take aiki. Farauta a nan ba irin tamu ba ce, wadda ake kaɗa gangi bayan kaka, a fita da karnuka da gora, daji na kowa. A jihar Teksas fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, an kewaye ta da waya, wanda kuma ya tsallaka ba izini ya yi laifin da ake kai mutum kotu a kansa. Don haka mai son farauta hayar daji yake yi, shekara-shekara, kamar yadda muke hayar fadama. Mu huɗu ne abokan aiki muka yi karo-karo muka kama wani yanki, tafiyar sa'a biyu daga San Antoniyo. Kowa da lasisinsa daga hukuma, kuma duk wanda aka haifa daga 2 ga Satumba 1971 zuwa yau sai ya yi kwas na koyon ƙa'idar farauta. Lokacin barewa da bindiga yana buɗewa farkon Nuwamba, ya rufe cikin Janairu. Nakan yi bisimilla in harba, in na same ta da sauran rai in yanka, ragowar naman da ya fi ƙarfina in raba wa 'yan'uwa a masallaci.

Amma harbin shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin dako ne. Ana kai masara a zuba cikin wasu gangunan da ke watsa ta da kansu safe da yamma don barewa ta saba da wurin. Ana kai ruwa lokacin fari. Aladen daji, waɗanda suka zama annoba a jihar nan, sukan tumɓuke shinge, sai an ɗauko waya da turaku an gyara. Ga itacen wuta, ga dabbar da aka kashe a cikin kwazazzabo inda babbar mota ba ta shiga. Wannan ne ya sa muka nemi abin hawa.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai babur mai ƙafa huɗu da ake hawa kamar doki, wannan na mutum ɗaya ne da kaya kaɗan. Sai irin wadda ka gani, mai sitiyari da kujeru a jere, da ƙarafa a sama don kare mutum in ta kife, da akwati a baya mai ɗagawa kamar na tifa. Kawasaki suka fito da tasu mai suna Mule a 1988, kuma ma'anar sunan alfadari, ka ga sun san abin da suka ƙera. John Deere suna da Gator, Polaris na jihar Minesota suna da Ranger, Honda suna da Pioneer, Can-Am na Kanada suna da Defender, Kubota kuma suna da RTV mai shan man gas. Sabuwa ta aiki da wuya ka samu ƙasa da dala dubu 10. Wadda aka rufe da gilashi aka sa mata na'urar sanyi tana haura dala dubu 25. Ka buga da canjin yau ka gani, tun kafin a zo maganar jirgin ruwa da kwastan da ɗauko ta daga Legas.

Ranar da muka fara zagayen shaguna, matasan cikinmu idonsu na kan masu gudu, masu dogayen ƙafafu da fenti mai walƙiya. Dattijon da ke cikinmu, wanda ya tashi a gidan kiwo, bai ko dube su ba. Takardar da ke manne a jikin kowace mota yake karantawa, yana neman lamba uku: nawa akwati ke ɗauka, nawa take iya ja, nawa ne jimillar nauyin da aka yarda a ɗora mata har da mutane. Daga gare shi na koyi cewa lamba ta ukun ce mutane ke mantawa. Manyan na aiki, irin su Ranger 1000 da Pioneer 1000, akwatinsu na ɗaukar kilo 450 da 'yan kai. Buhun taki tara ke nan, Yaya, ba ƙari. In ka ɗora ƙarti uku a gaba, su ma suna cikin lissafi. Akwai wata Mule da ake buɗe wa kujerun baya ta ɗauki mutum shida, amma da zarar an buɗe, akwatin ya tsuke, abin da yake ɗauka ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Ja kuwa wani abu ne daban, don da tirela a baya wasu suna jan fiye da tan ɗaya. Sai dai jan tan ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba shi ne tsayar da tan ɗaya a gangare ba, kuma motar ba ta da nauyin da za ta riƙe shi in ya fara tura ta.

Ka tsaya a kan buhu taran nan ka yi tunani. Ka san lodin da ake yi wa kurkura ranar kasuwar Achida, ka san abin da amalankenmu ke kwasowa daga fadama in albasa ta zo. Mutanenmu ba su san wata lamba a jikin mota ba, in dai taya bai taɓa ƙarfe ba to akwai sauran wuri. Wannan motar ba ta jure haka. Yawancinsu ba giya irin ta babur ke gare su ba, wani faffaɗan bel na roba ne ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafu. In ka yi lodi, ko kana hawa tudu, ko kana tafiya a hankali, dole ka sa ƙaramar giya. In ka bar ta a babba, bel ɗin ya yi ta zamewa yana zafi har ya ƙone. Na gani da idona. Kafin mu sayi tamu, wani maƙwabcin daji ya ara mana tasa, ɗaya daga cikinmu ya cika ta da masara ya nufi tudu da babbar giya. Sai warin roba, sai ƙara, sai tsit. Da ƙafa muka dawo, kusan kilomita uku cikin ƙaya, kuma mu muka biya gyaran.

Wannan rana ce ta yanke mana shawara. Muka ce ba mu son mai bel. Honda Pioneer ba ta da shi, giyarta ta ƙarfe ce. Kubota ma ba ta da shi, da matsin mai take tura ƙafafu kamar wasu taraktoci. Muka sayi Kubota ta hannu. A nan ba kilomita kaɗai ake dubawa ba, akwai agogon da ke ƙirga sa'o'in da inji ya yi yana aiki, kuma mai ita ya miƙo mana takardun duk juyen man da aka taɓa yi mata. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai, ina ma a ce muna da ita. Motar ba ta da gudu, iyakarta kilomita 40 a sa'a, ga ƙara, ga nauyi. In ƙasa ta jiƙe takan nutse inda masu sauƙi ke wucewa, shi ya sa muka ɗaura mata na'urar jan igiya a goshi, a ɗaure a bishiya ta jawo kanta. Amma injin gas ne mai silinda uku, ba ya shan mai da yawa, kuma akwatin da kansa yake ɗagawa ya juye. Akwai masu lantarki yanzu, mafarauta na son su don ba su da ƙara, sai dai ba mu da wuta a dajin, don haka ba mu ɓata lokaci a kansu ba.

Abu ɗaya da ya sa na ji kamar ina gida shi ne ƙaya. Akwai wata bishiya a nan, meskit, ƙayarta kamar ta bagaruwa ko farar ƙaya. Tayoyin da motar ta zo da su ba su yi wata biyu ba. Muka sayi masu kauri, muka ɗura musu wani ruwa mai toshe huji da kansa, don a nan babu mai faci a gindin bishiya.

To ga inda nake son ka ba ni hankalinka. Abin da ya sa motar nan ke da amfani a Teksas ba a jikinta yake ba. Duk ƙaramin ƙarfen da ke cikinta yana da lamba, in ya lalace sai in shiga intanet in rubuta lambar, cikin kwana biyu ko uku an ajiye min a ƙofar gida. Man da ake zuba mata tas yake. Abin da babu a nan shi ne hannu mai araha. Kuɗin aikin makanike a shagon dillalai yana wuce dala 100 a kowace sa'a, in kuma lokacin farauta ya gabato sai motarka ta yi makonni a layi. Sau da yawa ina tuna yaron nan da ke gyara mana injin ban-ruwa, wanda zai kwance shi a kan buhu ya haɗa kafin la'asar. Da a nan yake da ya yi arziki. Amma ko shi, in ka kawo masa wagga mota, me zai yi? Ba Boxer ba ce da ake samun kayanta a kowace kasuwa daga Illela har Tambuwal. In famfon man ya sha gurɓataccen gas na 'yan bumburutu ya mutu, babu inda za a samo wani a Sakkwato, sai an jira ni in aiko, kuma albasa ba ta jiran kowa. Ga ƙurar hunturu da za ta riƙa toshe matatar iska, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a kan lagireton da kaikayin shinkafa ya cika. Na san ka ga taraktocin da suka zama wurin kwanan awaki saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba. Ba na son kuɗin bijimanmu su ƙare haka.

Akwai kuma maganar da ba na jin daɗin rubutawa. Nan ina kwana a daji ni kaɗai, ba abin da nake tsoro sai maciji. Ku kuwa kun san halin da gabashin jiharmu ke ciki, kun san abin da mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo suka sha. Abin hawa da babu irinsa a duk yankin, mai shiga inda mota ba ta shiga, zai sa a riƙa tambayar na wane ne. Ba na son a riƙa tambayar sunanka a wuraren da ba ka nan. Wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

Ba cewa nake motar ba ta da inda ta fi namu ba. A laka da yashi ta fi kurkura nesa ba kusa ba, don ƙafafunta huɗu duk suna ja, cikinta kuma ya ɗaga daga ƙasa sosai, ba ta kuma saurin kifewa kamar mai ƙafa uku. Da a ce wani babban kamfanin noma ne a Bakolori ko Goronyo zai sayi goma, ya ajiye makanikensa da ɗakin kayan gyara da tankin mai nasa, da na ce ya yi dabara. Mu kuwa guda ɗaya za mu saya, mu dogara da ita ranar da ba ta da mataimaki.

Ga abin da nake roƙo. A bar bijiman, su suke huɗa, su suke jan amalanke inda ƙasa ta jiƙe, takinsu kuma na komawa gona. Matsalarka ta gaskiya, in na fahimce ka, ita ce daga bakin fadama zuwa kwalta, da kuma kuɗin da masu a-kori-kura ke yankar ku da shi lokacin da kowa ke cire albasa a mako ɗaya. Ka tura yaro ya tambayo min kuɗin sabuwar kurkura mai akwatin ƙarfe, irin wadda makanikan garin suka saba da ita, ya tambayo har da kuɗin tayoyi da kayan da suka fi saurin lalacewa. Ka kuma gaya min wuri nawa ne a hanyar ruwa ke yankewa da damina, ko tifa biyu ta tsakuwa za ta gyara. In lissafin ya zo kafin ƙarshen wata zan turo rabona kafin a fara cira.

A gaishe min da Inna ƙwarai, a ce mata maganin ƙafar yana hannun wanda zai taho bayan sati biyu. Ina gaida mutanen majalisa, ka karanta musu wannan in sun taru.