Sharhi kan rele na canji: abin da yake gyarawa a tsohon firigo, da abin da ya fi ƙarfinsa

Ƙaramin abu ne, bai wuce kwalin ashana ba: rele, abin da ke tada kompireso, wato injin firigo, irin na PTC mai ɗan faifai a ciki, da masu kayan sanyi a nan Maradi ke sayarwa haɗe da kilikson, mai yanke wuta in inji ya yi zafi. Na sa shi a tsofaffin firigo irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai ta Kwatano. Ya ci kuɗinsa, amma cuta ɗaya kawai yake magani, kuma sai ka gane ta kafin ka saya.

Ga alamarta: fitilar ciki tana kamawa, sanyi babu. In ka kasa kunne ta baya, kompireso zai yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai ka ji "ƙas", ya yi shiru, can an jima ya sake. Kilikson ne ke yanke wuta don kada wayar injin ta ƙone, tun da ya kasa tashi. Zare filogi, buɗe murfin robar da ke gefen kompireso, ciro rele ka girgiza. In ya yi kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani, faifan cikinsa ya farfashe. A kula, rele na da can mai naɗin waya yana yin ƙara ko lafiyarsa lau, wannan gwajin ba nasa ba ne.

Kafin sabo ya hau, a auna om, wato juriyar wuta, tsakanin ƙafafun kompireso uku da mita: C, S da R. Abin da ka samu tsakanin C da R, in ka haɗa da na C da S, ya kamata ya zo daidai da na S da R. In wata ƙafa ta nuna haɗuwa da jikin ƙarfen, injin ya ƙone, rele goma ma ba za su tashe shi ba. A jikin tsohon rele akwai lambar om, sau da yawa 15, 22 ko 33; irinta za ka nema.

Inda relen ya gaza shi ne bakinsa. Masu araha ba sa kama ƙafar injin da ƙarfi, su yi zafi su narke. Kuma faifan yana buƙatar kamar minti 5 ya huce kafin ya sake tada inji, don haka in wutar NIGELEC ta ɗauke ta dawo nan take, ko ta yi rauni ƙasa da volt 220 sosai a bazara, shi da injin duka suna shan wahala. Regilato mai jinkirta wuta ya kamata ya raka shi.

In kuwa kompireso yana aiki ba tsayawa amma sanyin kaɗan ne, ba ruwan rele. Goge ƙurar hunturu da ta lulluɓe ragar baya, a janye firigon daga bango santimita 10. Maƙala takarda a ƙofa ka ja. In ta zare ba gardama, robar ƙofa ta saki. Sannan duba allon bayanin da ke jiki. Harafin N na nufin an ƙera shi don zafin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. Mai N a ɗakin kwano cikin Afrilu ba lalacewa ya yi ba, zafin ne ya wuce iyakarsa, sai a nema masa wuri mai iska.

Abin da ke damuna shi ne saurin cewa "gaz ya ƙare". Gaz ba ya ƙarewa sai in akwai huda, galibi daga ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa. Sai a nemo wurin da ruwan sabulu, a toshe, a canja filta, a zuƙe iska da famfo, sannan a zuba giram ɗin da allon ya rubuta, na irin da ya rubuta. R134a ba ya hawa injin R600a, kuma R600a yana kama wuta, kada a kusanto da harshen walda sai an tabbatar bututun ya wofinta.