Kwas ta intanet zalla, ko rabi aji rabi waya?

Duk malamin da zai tsara kwas a Maradi, rezo zai fara dubawa. In ta intanet ne zalla, ɗalibin Tasawa ko Dakwaro ya huta da kuɗin mota. Sai dai dole a yanka darasi guntu-guntu: saƙon murya na minti 5 a WhatsApp, da shafi ɗaya na PDF. Bidiyon awa guda kuwa cinye forfe zai yi, balle kuran ya ɗauke waya ba caji.

Na gauraye ya fi wuyar shiri, sai an nemi aji, an tsai da rana. Duk da haka ni shi na fi so. Ɗalibi ya saurari bayani a gida, ran Asabar a haɗu a yi gwaji, malam ya gane wanda aka bari baya.